Ina Doguwar Sandar Kumbo Ta Shiga?

Duk wanda ya jera hotunan kumbunan da aka harba zuwa wasu duniyoyi tun daga shekarun 1970, zai lura da wani abu da ya yi ta gajarcewa har ya ɓace daga jikin wasu ƙananan kumbunan yau. A hoton Voyager, tagwayen da Amurka ta harba a 1977, ido kan fara sauka a kan babban farin farantin sadarwa. Daga nan sai ya bi wata siririyar sanda da ta miƙe gefe guda, ta yi ta tafiya har mita 13. Ba kyamara a kanta, ba wani ado. A can bakinta an ɗaura ɗan ƙunshi guda, wani kuma a wajen tsakiyarta. Su ne ma'aunan maganaɗisu. A naɗe sandar ta bar duniya cikin gwangwani, sai da aka fita sarari ta warware kanta a hankali tana murɗawa.

A watan Oktoba na 2018 kumbon Japan mai suna Hayabusa2 ya saki wani ɗan akwati, MASCOT, ƙirar Jamus da Faransa, ya faɗa kan dutsen sararin samaniya da ake kira Ryugu. Nauyinsa kilo 10 ne, babu gefensa da ya wuce santimita 30. Shi ma yana da ma'aunin maganaɗisu, amma a cikin cikinsa yake, kusa da batir da wayoyi. Ya yi aiki na awa 17, ya kuma ba da amsar da ake nema: Ryugu ba shi da wani maganaɗisu na kansa da za a ambata. Cikin shekara 41, sanda ta tashi daga mita 13 ta koma ba ko taƙi.

Sandar nan kuwa ba don kwalliya aka yi ta ba. Kumbo kansa tarin maganaɗisu ne mai tafiya. Duk wayar da wuta ke bi ta cikinta tana haifar da nata, haka batir, haka injinan da ke juya kumbon, haka kusar baƙin ƙarfe guda da wani ya ɗaura bisa kuskure. Abin da ake son aunawa kuma ɗan mitsitsi ne. Da nanotesla ake lissafinsa. A doron ƙasa ƙarfin maganaɗisun duniyarmu yana tsakanin 25,000 da 65,000. A sararin da ke tsakanin duniyoyi, kusa da mu, kimanin 5 ne. Can inda Voyager suka kai yanzu, bayan sun fice daga yankin iskar rana, bai kai 1 ba. Abin da ya ceci masu ƙira shi ne wata ƙa'ida: in aka ninka nisa sau biyu, ƙarfin maganaɗisun da wani ƙaramin abu ke fitarwa yakan ragu sau takwas, in aka ninka sau goma ya ragu sau dubu. Maganin ke nan, a nisanta ma'auni daga gidan da ya ɗauko shi.

Da wahala aka koyi wannan darasi. Tarayyar Sobiyat ce ta fara kai ma'aunin maganaɗisu sarari, a kan Sputnik 3, a watan Mayun 1958, aikin Shmaia Dolginov. Da Amurka ta aika Mariner 2 zuwa Venus a 1962, ma'auninsa a jikin kumbon yake, maganaɗisun kumbon kuma ya yi ta canzawa a hanya, masana suka sha fama wajen rabe tsaki da tsakuwa. A 1971 Norman Ness na cibiyar Goddard ta hukumar NASA da abokan aikinsa suka bayyana dabarar da ta zama al'ada: a ɗaura ma'auni biyu a sanda ɗaya, na kusa da na nesa. Maganaɗisun sarari iri ɗaya zai bayyana ga dukansu, na kumbo kuwa zai fi ƙarfi a na kusa, daga bambancin sai a cire shi.

Gudun baƙin ƙarfe ya girmi zamanin kumbo nesa ba kusa ba. A 1833 Carl Friedrich Gauss ya sa aka gina ɗakin awon maganaɗisu a Göttingen ta Jamus, aka yi amfani da jan ƙarfe a duk inda aka saba sa baƙi. A 1909 wata cibiyar bincike ta Amurka ta saka jirgin ruwa mai suna Carnegie a teku, ginin katako da tagulla, ankarsa ta tagulla, igiya a madadin sarƙa. Shekara 20 yana zaga tekuna yana awo, har ranar da gobara ta tashi ana zuba masa fetur a tashar Apia ta Samoa a Nuwamban 1929, kyaftin ɗinsa James Ault ya rasu. Magada wannan sana'a a Goddard sun gina nasu ɗakin a 1966, da manyan zobba na waya masu faɗin kusan mita 13, waɗanda ke soke maganaɗisun duniya a tsakiyarsu don a ji na kumbo shi kaɗai. Mai shiga irin wannan ɗaki sai ya zazzage aljihu: makullai, agogo, sulalla, har bel mai kan ƙarfe. Kayan aikin da ake taɓa ma'auni da su ba na baƙin ƙarfe ba ne. Wayar da ke kai wuta da wadda ke dawo da ita a murɗe su tare, don maganaɗisun ɗaya ya cinye na ɗaya. Ƙananan kayan lantarki kuwa sai an bi da su gaban ma'auni kafin a yarda su shiga kumbo. Aiki ne na watanni, mai cin kuɗi, mai jawo jayayya da sauran injiniyoyi, domin kowa yana ganin mutanen maganaɗisu sun cika tsirfa.

Tsirfar ta biya. A Maris na 1974 Mariner 10 ya wuce ta gefen Mercury, 'yar ƙaramar duniyar da masana da dama suka ɗauka cikinta ya daɗe da sandarewa, sai ga ma'aunin Ness ya nuna tana da maganaɗisu nata, kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na namu, alamar akwai narkakken ƙarfe yana motsi a ƙasa. Dalilin ɗawainiyar ke nan tun asali. Kyamara fatar duniya take gani, ma'aunin maganaɗisu kuwa labarin cikinta yake kawowa. Voyager 2 ya tarar da na Uranus a karkace da digiri 59 daga sandar juyinta a 1986, na Neptune da digiri 47 a 1989, abin da ba wanda ya zata. Kumbon Galileo, mai sanda ta mita 11, ya gano a 1996 cewa Ganymede, ɗaya daga watannin Jupiter, yana da maganaɗisun kansa, sannan tawagar Margaret Kivelson ta nuna cewa Europa, wani daga watannin, yana mayar wa maganaɗisun Jupiter martani irin wanda ruwan gishiri ke yi, wato akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙararsa.

Labarin Enceladus ya fi kowanne nuna darajar ma'auni mai natsuwa. Wata ne na Saturn, faɗinsa kilomita 500 kacal, ba a sa masa rai da komai ba. A Fabrairun 2005 kumbon Cassini ya wuce shi daga nisan fiye da kilomita dubu, sai tawagar Michele Dougherty ta Imperial College da ke Landan ta ga layukan maganaɗisun Saturn sun ɗan lanƙwashe, kamar akwai abin da ke tare su wanda ya fi watan girma. A Maris suka sake ganin haka. Dougherty ta je ta shawo kan shugabannin aikin su sauya hanya, su sauko da kumbon ƙasa sosai a wucewa ta gaba. Ranar 14 ga Yuli Cassini ya bi ta kilomita 173 daga saman watan, sauran na'urori suka tabbatar: tururin ruwa ne ke fita daga tsagogi a ƙuryar kudu. Da a ce hayaniyar kumbon ta rufe wannan 'yar lanƙwasa, da ba wanda zai nemi a sauya hanya.

Amma akwai wani abu da ya kusa ɓacewa a ɓoye, wanda ba ya fitowa a hoto, kuma rashinsa ya fi rashin sanda haɗari. Shi ne zoben da ke cikin ma'aunin.

Faɗinsa inci ɗaya ne. An naɗe shi da fallen ƙarfe wanda ya fi gashin kai siranta, gamin nikel kashi 81 cikin ɗari, molibdinam kashi 6, sauran baƙin ƙarfe. A kan zoben ake naɗa waya, a riƙa tura wuta tana kai da komo sau dubbai a daƙiƙa guda, ƙarfen ya ƙoshi da maganaɗisu ta wannan fuska, ya juya ya ƙoshi ta waccan. In babu wani maganaɗisu daga waje, ɓangarorin zoben biyu tare suke ƙoshi, su soke juna, waya ta biyu da ke kewaye da su ba ta jin komai. Da zarar na waje ya shigo, sai ɓangare ɗaya ya riga ɗan'uwansa, wannan 'yar tazara ita ake aunawa. Matsalar ita ce shi ma ƙarfen yana da nasa gunaguni, domin ƙananan sassansa ba sa juyawa sumul, sukan yi tsalle. Ingancin ma'auni duka ya rataya ne a kan yadda aka narka ƙarfen, aka murje shi, aka gasa shi, aka bar shi ya huce. Zobe mai kyau gunaguninsa yana wajen kashi ɗaya cikin ɗari na nanotesla guda.

Ɗakin binciken sojojin ruwan Amurka ne ya samar da wannan gami a shekarun 1960, don farautar jiragen ƙarƙashin teku da makamantansu. Kamfanin Infinetics ya riƙa sayar da zobban, har ya daina a 1996. Masu bin diddigin tarihin sun kyautata zaton cewa kusan duk ƙarfen da aka yi amfani da shi a Arewacin Amurka daga narki guda ya fito, wanda kamfanin agogo na Hamilton ya yi wajen 1969. Cikakken bayanin yadda ake yi ba a taɓa buga shi a fili ba, waɗanda suka san shi da hannu kuma suka yi ritaya, wasu suka riga mu gidan gaskiya. Sai ya zamana ɗakunan bincike da dama suna tsimin tsofaffin zobba a aljihun tebur, ana zaɓen mafi natsuwa don manyan tafiye-tafiye. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma nan zumar tana ƙarewa ne ba a bar amya ba. Duk mai kewar wancan zamani ya kamata ya haɗa da wannan a lissafi: magabatan sun ƙware ƙwarai, sai dai ba su rubuta ba.

A daidai lokacin ne ƙanƙanta ta shigo ta wata ƙofa. Yau kusan kowace wayar hannu tana da ma'aunin maganaɗisu da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Baƙon da ya sauka a garin da bai sani ba, ya ɗauko waya yana neman alƙibla, ya ga allurar tana rawa, ya shiga kaɗa wayar a iska yana zana lamba 8, matsalar Mariner 2 yake warwarewa: yana taimaka wa wayar ta rabe maganaɗisun jikinta da na duniya. Voyager ma sun yi shekaru ana sa su mirgina lokaci-lokaci saboda wannan dalili. Sai dai ma'aunin waya ba ya iya bambance abin da bai kai nanotesla 100 ba. Ya isa nuna gabas, bai isa gano teku a Europa ba.

Tsakanin waɗannan iyakoki biyu masu ƙira suka yi shekaru suna neman hanya. A 1999 malamai biyu a jami'o'in Kalifoniya, Jordi Puig-Suari da Bob Twiggs, suka fito da tsarin CubeSat, ɗan tauraron ɗan'adam mai santimita 10 a kowane gefe, wanda ake iya haɗa biyu ko uku ko shida. Irin wannan ba shi da wurin kayan awo masu kilo 5.6 kamar na Voyager. A 2012 aka harba CINEMA, ɗauke da ma'aunin Imperial College wanda ba zobe a cikinsa, sai siririn fallen ƙarfe da ke sauya yadda yake barin wuta ta wuce gwargwadon maganaɗisun da ya taɓa shi, a bakin sanda ta kimanin mita ɗaya. Ba shi da nauyi, ba ya shan wuta, amma sifilinsa yana gocewa in zafi ya canza, kumbo kuma kullum cikin shiga inuwa da fita rana yake. A 2017 ɗaliban Jami'ar Alberta ta Kanada suka aika Ex-Alta 1 da ƙaramin ma'auni mai zobe a sanda ta santimita 60. Wasu kuma suna gwada hanyoyi dabam, da lu'ulu'u mai 'yan tabo a cikinsa ko tururin wasu sinadarai da ake haskawa da leza.

Abin sha'awa, ɗaya daga manyan dattawan sana'ar ne ya nuna ana iya aiki ba doguwar sanda. Mario Acuña, haifaffen Córdoba ta Ajantina, ya yi aiki a Goddard har rasuwarsa a 2009, hannunsa na cikin ma'aunan Voyager. Bayan da Mars Observer ya ɓace a 1993, aka haɗa Mars Global Surveyor cikin tsumulmular kuɗi, babu kasafin sanda. Sai aka ɗaura ma'aunan Acuña a bakin fukafukan da ke tara hasken rana. Ɗaya daga fukafukan ya samu lahani, dole aka tsawaita lokacin da kumbon ke goga saman iskar Mars don rage gudu, wannan ya ba shi damar yawan saukowa har kusan kilomita 100. A can ƙasa ya tarar da abin da na baya ba su gani ba: duwatsun kudancin Mars suna riƙe da tsohon maganaɗisu, a wasu wurare ya kai nanotesla 1,500, shaidar cewa Mars ta taɓa samun irin garkuwar da duniyarmu ke da ita, ta rasa ta kimanin shekara biliyan 4 da suka wuce. Turai ma ta gwada. Venus Express, wanda aka harba a 2005, ba a yi masa tsabtar maganaɗisu ba, sandarsa mita ɗaya ce, da lissafi aka riƙa wanke bayanansa har 2014.

Yanzu lissafin ya ƙara nisa. A Jami'ar Michigan, tawagar Mark Moldwin tana baza ƙananan ma'aunai masu araha a sassan kumbo dabam-dabam, kwamfuta ta saurare su duka, ta ware muryar kowane inji da kowace waya, ta bar ta sarari. Dabara ce mai kyau, kuma tana aiki. Sai dai akwai wurin da ya kamata a yi hattara. Lissafi ya fi iya kama hayaniyar da ke tashi tana sauka, domin tana da alamar da ake gane ta. Wadda ta zauna daram, ko wadda ke jan jiki a hankali tare da ɗumamar kumbo, ita ce mai wuyar rabewa da maganaɗisun gaskiya. A da ana hana datti shiga ne tun daga ɗakin haɗa kumbo, yanzu an bar shi ya shiga da niyyar a wanke daga baya, mai wanki kuma yana iya haɗawa da abin da aka je nema.

To amma ribar fa? Babba ce, kuma ba ta kuɗi kaɗai ba. Kumbo ɗaya, komai tsabtarsa, in ya ga maganaɗisu ya canza ba zai iya faɗin ko wuri ne ya canza ko lokaci ba. Uranus ta koya wa masana wannan da zafi. Ziyara ɗaya tak aka taɓa kai mata, a kan ita aka gina littattafai na kusan shekara 40. A 2024 Jamie Jasinski da abokan aikinsa suka sake duba tsofaffin bayanan, suka gano cewa Voyager 2 ya iso ne daidai lokacin da wata guguwar iskar rana ta matse yankin maganaɗisun Uranus, yanayin da bai kai kashi 5 cikin ɗari na lokaci ba. Ma'aunin bai yi ƙarya ba, ranar ce ba irin ta kullum ba. A ɗaya gefen kuma ga taurarin sadarwa na Iridium guda 66, kowanne da ɗan ma'auni maras kaifi da aka sa don sanin fuskar da tauraron ke kallo. Brian Anderson na Jami'ar Johns Hopkins ya tattara bayanansu, aka samu taswirar igiyoyin wuta da ke kwarara a saman ƙuryoyin duniya cikin kowane 'yan mintoci, abin da ma'auni ɗaya mafi tsada ba zai taɓa bayarwa ba. A nan kam sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Ƙanƙanta ta kuma buɗe ƙofa ga waɗanda a da sai dai kallo. Jami'ar Kyung Hee ta Koriya ta Kudu ta fara da haɗa hannu a aikin CINEMA, sai ga shi a 2022 kumbon ƙasar na farko zuwa wata, Danuri, ya tashi da ma'aunin da jami'ar ta ƙera, a sanda ta mita 1.2.

Inda tambayar ke buƙatar kaifi kuwa, sanda tana nan daram. JUICE na Turai, wanda ya tashi a Afrilun 2023, yana da ta mita 10.6. Europa Clipper na Amurka, da ya tashi a Oktoban 2024, tasa mita 8.5 ce. Don a san zurfin tekun Europa da yawan gishirinsa, dole a auna martaninsa ga maganaɗisun Jupiter da kuskuren da bai wuce nanotesla ɗaya ko biyu ba, a cikin wuri mai tsananin tiriri. Da farko an so a sa wa Clipper sabon nau'in ma'auni mai aiki da iskar hiliyam da leza, amma kuɗinsa ya ninka kusan sau uku, a Maris na 2019 NASA ta soke shi, ta koma ga ma'aunai masu zobe guda uku. Wadda aka kira ta jagoranci tawagar ita ce Kivelson, tana da shekara 90 a lokacin. Clipper zai isa a 2030, JUICE a 2031.

Shi kuma zoben an ceto shi, da ƙyar. David Miles, wanda ya fara a Alberta ya koma Jami'ar Iowa, da Barry Narod na Kanada, sun ɗauki shekaru suna sake gano sana'ar daga tushe. Su narka garin ƙarfe da kansu, su murje shi ya zama falle, su gasa shi a tanderu cikin iskar haidurojin da zafin da ya haura digiri 1,000, su huce da shi a hankali, su auna gunaguninsa, su sake. A 2019 suka buga hanyar, daga baya suka bi sawun wani tsohon binciken Jamus na shekarun 1930 suka gwada gami mai jan ƙarfe a madadin molibdinam, ya ba da sakamako mai kyau. Sababbin zukatan ƙarfen da aka ƙera a Iowa sun tashi sama a Yulin 2025 a kan tagwayen taurarin TRACERS. Wannan karon gwargwadon gamin, kaurin fallen, zafin gashi da tsawon lokacin hucewa duk suna rubuce a mujallar da kowa ke iya karantawa kyauta a intanet, kuma duk jami'ar da ta mallaki tanderu da injin murje ƙarfe tana iya gwada hannunta.